Wasiƙa Zuwa Takoradi: Jiragen Yaƙin da Suka Ratsa Kano

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen zango. Ka tambayi abin da ya haɗa filin jirgin garinku da na Kano a zamanin yaƙin Hitila. To, ga shi.

Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga sojojinta a Masar suna neman jiragen sama ido rufe. Sai aka koma kawo su Takoradi, garinku na bakin teku a Ghana ta yau, a cikin akwatuna. A nan ake ɗaura fukafukai da farfela, a gwada tashi, a kama hanya: Legas, Kano, Maiduguri, Janaina da Khartum a Sudan, a bi kogin Nilu zuwa Masar. Mil kusan 3,700 ne, tafiyar kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma zuwa 1943 sama da jirage 5,000 sun bi ta nan.

Hanyar ma ba baƙuwa ba ce. A 1925 Arthur Coningham, hafsan sojan saman Ingila, ya jagoranci jirage uku daga Masar har Kano. Shi ne kuma daga 1941 ya shugabanci rundunar saman Ingila da ke hamadar Masar da Libiya, wadda ake kai wa jiragen.

Yanzu duba yadda ayarin yake. Jirgi ƙirar Blenheim guda a gaba, mai inji biyu, ɗauke da mai duba taswira da mai rediyo. Bayansa jiragen yaƙi ƙirar Hurricane kamar shida, kowane da inji ɗaya, mutum ɗaya, da ƙarin tankin mai. Aikin wannan matuƙi shi ne kada idonsa ya bar jagora. In hazon hunturu ya haɗiye Blenheim, daga shi sai kamfas da agogo. Ya karkata arewa da Kano, ya faɗa Nijar, wadda a lokacin ke hannun Faransawan Vichy masu biyayya ga Jamus, a tsare shi. Chadi kam Allah ya taimaka, gwamna Félix Éboué ya bi bayan de Gaulle, jagoran Faransawa masu yaƙar Jamus, tun Agustan 1940.

Zangon Maiduguri zuwa Janaina, mil kusan 700, shi ne mai cin rai. Inji ya tsaya a can, sai ka kwantar da jirgi kan cikinsa, tayoyi a naɗe, don kada su kafe a yashi ya kifa da kai. Sannan ka zauna gindin fiffike da gorar ruwanka kana jiran a hango ka. Mai barin jirginsa ya taka da ƙafa wuyar samu gare shi.

Rairayi kuwa shi ne mugu. Ya bi iska ya shiga inji, sai ya gauraya da baƙin mai ya riƙa cin zoben fistin, shi ya sa ake ɗaura matatar iska a ƙasan hancin jirgi, duk da tana rage gudu. Da sassafe ake tashi, don zafin rana na sa jirgi doguwar tsere kafin ya ɗaga, kuma Hurricane ya daɗe a ƙasa da inji a kunne, lagireto ya tafasa. A ganina waɗannan matuƙa, da 'yan Foland a cikinsu, ba su gaza masu harbi jarumta ba: ka sauke jirgi a Masar, a maido ka Takoradi, wataƙila da zazzaɓin cizon sauro a jika, a miƙa maka wani.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Kano