Sanarwa ga shugabannin tim

Salam ƴan uwa, don Allah masu riƙe da tim a aikin nan namu ku ɗan karanta. Jiya nake tuna marigayi Stephen Keshi, tsohon kocin ƙwallon Najeriya, a 2013 ya ajiye wasu manyan sunaye ya tafi gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu da wasu yaran lig ɗin gida, mutane nata surutu amma bai janye ba, ƙarshe Sunday Mba ɗin da aka raina shi ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya a fainal muka ɗau kofi. Wallahi abin na damuna yadda muke tara komai kan mutum biyu, sabbin yaranmu na zaune. Kafin mitin ɗin Asabar kowa ya damƙa wa sabo ɗaya aiki na gaske, in yai kuskure a gyara masa a gefe, banda cikin gurup.