Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiya: zanawa da buga sassan ƙananan rokoki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton ayyukan shekarar da ta ƙare, wadda kusan dukkanta ta tafi a kan aiki guda, wato zana sassan ƙananan rokoki a kwamfuta da buga su da roba a firintar 3D da muka yi karo-karo muka saya. Kamar yadda babban taro ya yanke, duk rokar da muka harba ta ruwa da iska ce: gorar lemo ce gangar jikinta, ana zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na cikinta, sannan a ɗura iska da famfon keke. Ba mu taɓa wani abu mai cin wuta ba, kuma zanen rokoki masu inji mai faɗin milimita 18 ko 24 ya tsaya a cikin kwamfuta don koyon lissafi kawai.

An gudanar da darussan zane da manhajar FreeCAD, lissafin daidaito kuma da OpenRocket, wadda Sampo Niskanen ya fara rubutawa a ƙasar Finland, ta kuma ginu a kan hanyar lissafin da James Barrowman ya fitar a shekarun 1960. Duka biyun kyauta ne. Ƙa'idar da muka fi nanatawa ita ce dole cibiyar nauyin roka ta kasance gaban cibiyar matsin iska (wato inda turin iskar waje yake tattaruwa a jikin roka), ta ɓangaren hanci, da tazarar da ta kai faɗin gangar jikin sau ɗaya zuwa biyu, domin idan tazarar ta gaza haka, roka kan yi ta wuntsila gudidi maimakon ta miƙe sama.

Fukafukai ne suka fi ba mu wahala, kuma a nan muka fi ƙaruwa. Firinta tana gina abu ne hawa-hawa, ta shimfiɗa narkakkiyar roba mai kaurin milimita 0.2 ta ɗora wata a kanta, don haka mahaɗar hawa da hawa ita ce wuri mafi rauni. Zanenmu na farko ya haɗa zoben da ake zura gora a ciki da fukafukai uku a jiki ɗaya, aka buga shi a tsaye, ya fito sumul gwanin sha'awa, har wasu suka ɗauke shi hoto. A saukarsa ta farko a kan busasshiyar ƙasa fiffike ɗaya ya ɓalle, kuma da muka duba karayar sai muka ga ta bi layi ɗaya tsaf kamar an yanka da wuƙa. Sashen zane ya raba aikin biyu: ana buga kowane fiffike a kwance domin zaren robar ya bi tsawonsa, ana buga zoben daban da tsagin da za a zura shi, aka kuma kaurara gindin da ɗan lanƙwasa maimakon kusurwa mai kaifi. Sabon zanen bai kai na farko kyan gani ba, amma idan fiffike ya lalace ana zare shi a sa wani a fili, ba sai an sake buga komai ba.

Darasi na biyu zafin rana ne ya koyar da mu. Robar PLA, wadda muka fara da ita saboda sauƙin bugu, tana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Celsius, kuma motar da aka rufe a rana da bazara tana iya kaiwa haka. Hancin roka biyu da aka bari a mota ranar wani gwaji sun fito a karkace, bakinsu ya daina shiga gora. Mun koma robar PETG, wadda kan jure har wajen digiri 80, ko da yake tana buƙatar zafin bugu tsakanin 230 da 250, tana barin siraran zare kamar saƙar gizo, kuma tana shan danshi da damina idan ba a adana ta a rufaffen mazubi ba. An kawo shawarar robar ABS, amma kwamiti ya jingine ta saboda warin hayaƙinta da kuma yadda take banƙarewa a firintar da ba ta da murfi.

Akwai abubuwa biyu da kwamiti yake so su zama doka. Na farko, ba za a ƙara buga sashen da zai riƙe matsin iska ba, domin murfin da muka gwada ya riƙa tsatsafo da ruwa ta tsakanin hawan robar tun kafin a gama famfo. Murfin gora na asali da zoben roba sun fi aminci. Na biyu, a auna nauyin kowane sashe kafin a amince da shi, saboda duk giram ɗin da aka ƙara a wutsiya sai an rama shi da yumɓu a hanci, roka ta yi nauyi a banza. Haka kuma a bar tazarar milimita 0.2 zuwa 0.3 tsakanin sassan da ke shiga juna, a kuma auna gorar da ke hannu, don gorori ba su zama ɗaya ba.

Inda muka gaza, ba za mu ɓoye ba. Ɗaukewar wuta ta lalata mana bugu masu tsawo da dama, zaren roba ya tafi a asara, kuma ba mu riƙe littafin da ke nuna wane zane aka buga da wane saiti ba, har ta kai ga maimaita kuskuren da aka riga aka gyara. Na'urar sakin laimar sauka ma ba ta kammalu ba, shi ya sa har yanzu rokokinmu da hanci suke sauka.

Saboda haka kwamiti zai gabatar wa babban taro mai zuwa buƙatu uku: sayen batir da inbata don firinta, naɗa mai kula da littafin bugu, da ba sashen zane watanni ukun farko domin ya kammala na'urar laima. Ma'aji zai raba bayanin kuɗi a takarda daban kafin zaman, kuma ana roƙon duk wanda ke riƙe da sashen da ya karye ya zo da shi don a duba karayar tare.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa