Rahoton ayyukan ƙungiya na bana, daga sakatare

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan uwa mambobi. Ga rahoton bana, a yi haƙuri ya ɗan makara.

Zaman wata-wata bai tsaya ba sai na azumi da muka ɗage. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto ranar taro, waɗanda ake bi kuɗin wata dan Allah a cika.

Abin da ya cinye mana shekarar kam shi ne gilasan saka fulawa masu yuraniyom (wani ma'adini da ake sa wa gilas don launi), korayen nan da masu ruwan ɗorawa da ke faɗowa cikin kayan gwanjo na Turai. Ƙungiya ta sayi tocila biyu irin ta duba jabun kuɗi, mai lamba 395 da mai 365 (lambobin nau'in hasken da kowacce ke fitarwa ne), kuma tun zaman farko muka ga amfanin haɗa su, don mai 365 ɗin har gilashin da wani ma'adini daban, manganis, ne a ciki tana sa shi ya ɗan yi kore dishi-dishi mutum ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali na yuraniyom ko da mai 395 ka haska kore shar yake tashi.

To amma wallahi abin da nake so kowa ya riƙe, hasken nan ba ya faɗin shekaru. Wani ɗan uwanmu ya zuba kuɗi masu yawa kan wani da aka ce masa ya haura shekara ɗari, ya kawo zama muka kife shi sai ga tambarin kamfanin Fenton na Amurka a gindi, su kuwa sai 1970 suka fara buga tambari a jikin gilas. Kaya ne mai kyau amma ba na kuɗin nan ba, kuma abin ya taɓa mu duka. A Amurka gwamnati ta kame yuraniyom lokacin yaƙin duniya na biyu, sai wajen 1958 aka sake shi aka koma yin gilas da shi, to na bayan nan suna da yawa sosai a kasuwa kuma haskensu ɗaya da na da.

Shi ya sa muka mayar da zaman namu kan gindin gilas. Na busawa da baki za ka ga cibiya inda aka ɓalle sandar, wani lokaci an goge ta sumul, na zubi kuma layin haɗin mazubin na nan a gefe. Tsoho na gaskiya ƙasansa ya ci gogar tebur, ƙarce ta ko'ina ba a jere ba. Na Ingila sun fi sauƙi, alamar rajista mai siffar daimon daga 1842 ne zuwa 1883, in kuma haruffan Rd ne da lamba to daga 1884 zuwa sama, sai dai shekarar rajistar zanen take nunawa, ana iya ci gaba da zuba shi shekaru bayan nan. Da haka muka tabbatar da wani mai ruwan ɗorawa da farin baki kamar madara da Hajiya mataimakiyar shugaba ta kawo, aikin kamfanin Davidson ne na garin Gateshead a Ingila, layin da suka fito da shi wajen 1889. Ranar gaskiya ba wanda ya so tashi.

Na Bohemiya, wani yanki a ƙasar Czech ta yau, su suka fi ba mu wuya, can ne Josef Riedel ya yi suna da wannan gilas a shekarun 1830, amma yawancinsu ba tambari ko ɗaya. In ka ga an rubuta Czechoslovakia ka san bai riga 1918 ba. Waɗanda ba komai mun rubuta su a rijista a matsayin "ana zato", kuma haka za su zauna.

'Yan uwanmu na Nijar sun tambaya ko yuraniyom ɗin Arlit ne a ciki. Na tsofaffin dai a'a, haƙar Arlit sai 1971 ta fara.

Baɗi in Allah ya kai mu muna son sayen na'urar Geiger mai gano tururin radiyeshan da yuraniyom ke fitarwa, mu kuma duba duwatsun wuya na Bohemiya da ke cikin kayan kakanninmu. Kafin nan wanda gilas ɗinsa ya tsage bakin kar ya goga ko ya kankare saboda ƙurar, ya naɗe shi ya kawo zama.