Wasiƙa daga Za'atari

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni ko har yanzu tantuna ne jere a nan. Ai tantuna sun daɗe da tafiya. Tun Yulin 2012 aka buɗe Za'atari, sansanin 'yan gudun hijirar Siriya, a hamadar Mafrak, arewacin Jodan, yau kuwa gari ne sosai mai unguwanni 12. Ɗakunan kwantena ne, suna ce musu karafan. Da rani ka rantse a tanderu kake, da hunturu sanyi har ƙashi. Yawancinsu sun tsufa suna yoyo, amma ba a yarda kowa ya ɗora bulo ba, don kada zaman ya zama na dindindin. Wannan yana ci mini rai, wallahi.

Babban titin kasuwa suna kiransa Sham Elize. Akwai masu gyaran keke, masu suyar falafel, har da shagon hayar rigunan amare. A kantin abinci ba a miƙa kuɗi, mace za ta ɗauki shinkafa da mai, ta kalli na'urar da ke tantance ƙwayar ido, a cire daga kasonta na tallafin abinci. A 2023 aka rage kason daga dinari 23 zuwa 15 a wata, tukwane kuwa sun shaida. Wuta ta hasken rana ce tun 2017, awoyi ƙidayayyu. Da ta zo sai wanki da cajin waya.

Kusa da wurin aikinmu akwai wani dattijo, manomi daga Dar'a ta kudancin Siriya, kamar yawancin mutanen nan. Ya shuka na'a-na'a a gwangwanayen mai, yana ba ta ruwan wanke-wanke. Jikansa a nan aka haife shi. Ka tambaye shi garinsu, sai ya faɗi sunan ƙauyen da bai taɓa gani ba.

Tun da gwamnatin Assad ta Siriya ta faɗi a Disamban 2024, zancen komawa ne a kowane baki, wasu ma sun tafi. Jiya dattijon ya nuna mini bidiyon gidansa a waya: ba rufi, ba ƙofa, an sare zaitunan. Ya ce, "Ɗana, in kai ne, za ka koma?" Na rasa ta cewa, na dai shanye shayin da ya zuba mini.

Ka sa su a addu'a. A gaida mini Hajiya da yara.

Naka,
amininka