Roƙon tallafi: wurin wanke hannu a Islamiyyarmu ta Anguwar Rogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, Alhazai da Hajiyoyi, da tsofaffin ɗalibanmu na gida da na nesa, kwamitin Islamiyyarmu ta Anguwar Rogo a nan Jos ne ya ɗora mini nauyin rubuto muku, ni da ke riƙe da littafin kwamiti. Buƙatarmu guda ce: muna so mu gina wurin wanke hannu na dindindin, tanki da famfuna, tsakanin banɗaki da ajujuwa.

Duk wanda ya leƙo makarantar a 2020 zai tuna bokiti biyu masu famfo da muka ajiye a bakin ƙofa. An tabbatar da shigowar korona Najeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairun shekarar, kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu. Da aka buɗe, ba yaron da ke shiga aji sai ya cuɗa hannu da sabulu, malam na tsaye a kansa. Tsoro ne ya sa mu, gaskiya, kuma da tsoro ya kau sai muka saki. Bokiti ɗaya famfonsa ya karye, aka ɗaure da roba, daga baya ya zama na shara. Ɗayan yana ofis, tsintsiya ake zubawa a ciki. Wannan sakacin namu ne, 'yan kwamiti, ba za mu ɗora wa kowa ba.

Abin da ya tashe mu, ni na gani da idona wata Asabar lokacin tara. Yaran aji ɗaya suka fito daga banɗaki, buta biyu ce a wurin, ɗaya ma ba ruwa. Suka ruga wajen mai awara. Baiwar Allah ta ajiye kwanon ruwa ɗaya don a wanke hannu, da kyakkyawar niyya, amma kafin layi ya kai rabi ruwan ya koma kalar kunu. Wata 'yar ƙarama ta tsoma hannu, ta goge a hijabinta, ta ɗauki awara ta gutsura wa ƙaninta. A makon nan yara da dama ba su zo ba, iyaye suka aiko cewa gudawa ce.

A zaman kwamiti wani dattijonmu ya ce, "Malam, mu da ke alwala sau biyar, wane wankin hannu kuma?" Tambayar Baba tana kan hanya, ga amsar da muka ba shi. Alwala ibada ce, ba a shar'anta mata sabulu ba, kuma butar da aka shiga banɗaki da ita hannu nawa ke kama ta a yini? Annabi (SAW) ya hana wanda ya tashi daga barci ya tsoma hannunsa cikin mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku. Ke nan hannu ake zuba wa ruwa, ba a kai hannu cikin ruwan jama'a. Abin da famfo ke yi ke nan.

Shi kuwa sabulu aikinsa daban ne. Ƙwayar cutar korona tana da wata riga ta maiƙo a jikinta, sabulu yana narka rigar kamar yadda yake cire man ja daga kwano. Sauran ƙwayoyin cuta kuma yakan ɓamɓaro su daga fata, ruwa mai gudu ya tafi da su. Sai dai yana son lokaci, kamar daƙiƙa 20 ana cuɗawa, har bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Wasu sun ce mu sayi sanitaiza kawai. Tana aiki idan sinadarin alkohol da ke cikinta ya kai kashi 60 cikin 100, amma ba ta da ƙarfi a kan hannun da ya sha ƙasa da maiƙo, wato irin hannun yaranmu, ga tsada.

Kada a ce annoba ta wuce. A 2021, korona ba ta gama tafiya ba kwalara ta sauka, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC) ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 3,000 suka rasu, galibinsu a Arewa. Zazzaɓin Lassa kuwa ba baƙonmu ba ne, a nan Jos likita Jeanette Troup ta asibitin Jankwano ta rasu da shi a 1970. Kuma mun tuna daren 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane da waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka kwana a asibiti. Da sabulu aka raba a daren da ya fi.

Ga abin da muke nema. Tankin roba mai cin lita 2,000 da dakalin da zai zauna a kai, famfo shida, uku ɓangaren mata uku na maza, biyu daga ciki a ƙasa-ƙasa don 'yan aji ɗaya su kai. Sai fayif, siminti, bulo, yashi, da kwata mai murfi don kada ruwan ya kwanta a tsakar makaranta ya tara mana sauro. Wani uba mai aikin famfo ya ce kuɗin aikin hannunsa sadaka ne, Allah ya saka masa.

Gini sau ɗaya ake yi. Inda muka fi jin tsoro shi ne sabulu da ruwa, don a nan muka faɗi a baya. Da rani rijiyarmu takan ja baya, sai mun kira 'yan garuwa. Shi ya sa muke roƙon masu shaguna a Taminus da Bauchi Road, wanda zai iya ɗaukar katan ɗin sabulu duk zango, ko kura ɗaya ta ruwa duk mako, ya rubuta sunansa. Iyaye mata, ko sabulu ɗaya kika ba yaro ya kawo, mun karɓa da godiya. Akwai kuma sanyin Jos: daga Disamba zuwa Janairu yaro ya gwammace bulala da ya taɓa ruwan tanki da safe, don haka muna son babbar tukunya da gawayi, a riƙa surka musu ruwa.

Kiyasin kuɗin kaya yana manne a allon sanarwa na makaranta da na masallacin unguwa. Ma'aji da liman suna karɓar gudummawa bayan sallar La'asar kullum, da bayan Juma'a, kuma a karɓi rasiti ko da naira 200 ce. Na nesa su aiko ta hannun ɗan'uwan da suka amince da shi. Duk ƙarshen wata za mu manna abin da ya shigo da abin da ya fita, wanda ba ya son a ga sunansa ya faɗa mana.

Muna so tanki ya hau kafin ruwan farko ya sauka. Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba za a fara haƙa tushen dakali, matasan da ke da shebur da diga su zo da su.

Allah ya ba da ikon taimakawa, ya sa a mizani.

Sakataren kwamiti, a madadin kwamitin makaranta.