Giɓin albashin mata da maza: daga ina yake farawa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi tsokaci kan bambancin albashi tsakanin mata da maza. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa abin da mata ke samu ya gaza na maza da kusan kashi 20 cikin ɗari, alhali tun 1951 ta zartar da yarjejeniya mai lamba 100 kan biyan lada ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya.

Ba kullum ba ne matsalar ke zuwa a fili, a ce aiki ɗaya albashi biyu. Claudia Goldin, wadda ta lashe kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa tazarar kan buɗe sosai bayan haihuwar fari. Mace ta rage awannin aiki, ta daina karɓar tafiye-tafiye, abokin aikinta kuwa da za a iya kira ko da tsakar dare shi ke samun ƙarin girma. Ga kuma sana'o'in da mata suka fi yawa, kamar raino da kula da tsofaffi, ladansu bai taka kara ya karya ba.

Illar takan bi mace har tsufa, domin fansho a kan albashi ake lissafa shi. In ta canza wurin aiki, a tambaye ta albashinta na baya a ɗora a kai, tsohon giɓi ya biyo ta.

A ganina, ɓoye albashi ne ke raya matsalar. Tun 2017 Birtaniya ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama su riƙa wallafa giɓinsu duk shekara.

Daga mai karanta jaridarku.