Ga ƙannenmu mata masu shirin fita waje su kaɗai: a fara da Ghana

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da ƙannenmu mata da suka gama makaranta ko bautar ƙasa, suka yi adashi suka tara ɗan abin da ya samu, suna son leƙa wata ƙasa su kaɗai, ko don buɗe ido, ko halartar taro, ko dubo kasuwa. Da yawansu da an ce waje sai hankali ya tafi Dubai ko Turkiyya, alhali kuɗin biza da tikiti kaɗai sun isa su lashe guzurin. A ganina fitar farko a yi ta zuwa Ghana. Batun muharrami da yardar iyaye kuwa na bar wa malamai da mutanen gida. Wadda ba a sallame ta a gida ba, ta ajiye wasiƙar nan sai an sallame ta.

Dalilina na farko shi ne babu biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ya zauna har kwana 90. Na biyu, Hausa tana ci a can. Tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja da Salaga mutanenmu suka kafa zango, kuma yau a Nima da Mamobi da Madina cikin Accra za ki yi ciniki, ki tambayi hanya, ki nemi masallaci, duk da Hausa. Wadda ba ta taɓa fita ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Takardu biyu za ki tanada. Na farko fasfo. Tun 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Ƙaramin ya ishe ki. Abin da ya fi riƙe mutane a nan ba kuɗin ba ne, saɓanin suna ne: NIN ya ce Hauwa'u, takardar haihuwa ta ce Hauwa, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Ki gyara wannan tukuna, ki kuma ba wa kanki aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya. Ki biya ta shafin hukumar shige da fice da kanki, kada ki miƙa wa ɗan kamasho a bakin ƙofa.

Na biyu katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Ana yin rajistarsa ta intanet, a yi allurar a ofishin lafiya na filin jirgi ko na kan iyaka. Allurar ba ta fara aiki a idon doka sai bayan kwana goma, don haka wadda ta yi ta ana jibi tafiya tana iya shan jayayya a boda. Daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Akwai masu sayar da katin ba tare da allura ba. Kada ki saya. Katin yanzu yana da lambar da ake dubawa a na'ura, kuma cutar ita kanta tana kisa.

Sai hanya, inda nan ne maganar take. Tsohuwar hanyar 'yan Arewa ta bi ta Nijar da Burkina Faso a faɗa Ghana ta Paga. Ki manta da ita a yanzu: ga rashin tsaro a yankin, ga shi ƙasashen biyu da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Abin da ya rage shi ne Legas. Daga can jirgi kamar awa ɗaya ne zuwa Accra, kuma ana samun mai tashi daga Abuja. Mota kuwa, tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma takan cinye yini guda cur, saboda boda uku ce: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao a shiga Ghana. A kowace sai an buga miki hatimin fita da na shiga, shida ke nan a zuwa kawai.

Mutane kan ce mota ta fi araha. Ki zauna da biro ki lissafa kafin ki yarda. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne, ga kwana a Legas domin motocin Accra da asuba suke tashi, ga abinci a hanya, ga 'yan kuɗaɗen da akan nema a boda, musamman idan aka ga fasfo sabo dal ba hatimi ko ɗaya a ciki. In kin haɗa, sai ki gwada shi da kuɗin tikitin jirgin da aka saya da wuri. In dai motar ce, ki shiga ta kamfani mai ofishi da rasit, irin ABC Transport, wadda za ta kai ki kai tsaye. Yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, tasi zuwa Seme, acaɓa a tsallaka, wata motar zuwa Kwatano, ya fi sauƙin kuɗi, amma aikin 'yan kasuwar da suka san hanya ne. Duk wanda ya ce zai bi da ke ta bayan fage ba sai an buga hatimi ba, ki rabu da shi. Ranar dawowa za a tambaye ki ta ina kika shiga. Kuma duk lokacin da fasfo ya dawo hannunki, ki buɗe ki ga hatimin da kwanan watan da idonki kafin mota ta tashi.

Budurwa ita kaɗai za ta sha tambaya a boda, kada ranki ya ɓaci. Hanyar nan ce masu safarar mutane ke bi da 'yan mata, shi ya sa jami'ai ke tsananta bincike. Ki riƙe a takarda, ba a waya kawai ba, shaidar kama masauki, tikitin dawowa, katin wurin aiki ko makaranta, da wasiƙar gayyata in taro za ki. Amsa gajeriya kuma iri ɗaya a ko'ina: ina za ki, kwana nawa, ina za ki sauka. Idan kuma wani ne kika sani a Facebook ko WhatsApp ya ce ki taho ga aiki, ya ce kada ki gaya wa kowa, ko ki taho da kuɗin rajista, wannan ba tafiya ba ce, tarko ne. Kada ki karɓi saƙon kowa a tasha, ko da ƙullin yaji aka ce.

Wurin kwana shi ne inda ban yarda a yi tsimi ba. Ki rage kwanaki in kuɗi bai kai ba, kwana huɗu a wuri mai mutunci ya fi goma a ɗakin da ƙofarsa ba ta da sakata. Ki kama daren farko da na biyu tun daga gida, ki karanta abin da mata suka rubuta game da wurin, ki kira ki ji muryar mutum. Motar Legas kan isa Accra da dare, don haka ki tambayi masaukin ko suna karɓar baƙi bayan ƙarfe goma. Daga tasha ki kira Bolt ko Uber, ki duba lambar motar ta yi daidai da ta waya, ki tura wa wani a gida. Motocin haya da suke kira tirotiro sun fi araha nesa ba kusa ba, amma ki bar su sai da rana, bayan kin gane gari. Agogon Ghana da Togo yana bayan namu da awa ɗaya. Ki gyara saboda sallah da lokacin tashin mota. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce.

Kuɗin Ghana sidi ne, Benin da Togo kuma sefa. Ki canji ɗan sefa na ruwa da banɗaki, da sidin da zai kai ki kwana biyu, sauran ki riƙe a dala, a Wapa ko wurin ɗan canjin da aka sani. 'Yan canjin boda suna da saurin hannu: ki ƙirga abin da suka ba ki a gabansu kafin ki saki naki. Kada ki dogara da katin banki sai kin tambayi bankinki ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai cire. Ki raba kuɗin gida uku, jaka, jiki, da wani wuri cikin kaya, sannan ki ware kashi ɗaya cikin huɗu na guzurin ki ɗauka babu shi, na ciwo ne ko tikitin da ya kuɓuce. Layin waya ki saya a ofishin kamfani da fasfonki, ba a bakin titi ba.

Abinci ba zai ba ki wuya ba. Da safe koko da ƙosai, wanda su kansu Hausa koko suke ce masa. Da rana waakye, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi. Da dare tuwon zafi ko tsire. A wajen zango ki riƙa tambayar wane nama ne, domin ana sayar da alade a fili. Ki je babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, da kasuwar Makola, jaka a gaba. Idan da rarar kwana, Cape Coast kamar awa uku ce, sai dai kuɗin shiga gidan tarihin bayi na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Ki kauce wa Disamba, masauki kan yi tsada ƙwarai saboda masu zuwa biki, da kuma Mayu da Yuni, lokacin da ruwa kan ci wasu unguwannin Accra.

Kafin ki fita daga gida ki ɗauki hoton fasfo da yalo kad, ki bar kwafi wurin Mama ko Yaya tare da sunan masauki, ki rubuta adireshin ofishin jakadancin Najeriya da ke Accra a takarda. Ku tsayar da lokacin waya kullum, misali bayan isha'i agogon gida, da abin da za su yi idan dare biyu suka wuce ba su ji ki ba.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wata mai karatu,
Fagge, Kano